Wata Biyu a Jere

Jikata ce ta tsokano mini wannan magana, ita ba ta ma san ta yi ba. Tana kwance a kan tabarmata, waya a saman hanci, na ce ta tashi ta kwashe shanya, sai ta ce in yi haƙuri, wai kashi kaza na fim ta kalla a jere, saura ɗaya ta gama. Wanta ya shigo yana ihu, wai ƙungiyarsu ta ci wasa uku a jere. Da yamma maƙwabciya ta leƙo tana mita, an ɗauke wuta kwana da kwanaki a jere. Na zauna ina jin su, raina yana ɓaci, ban ma san wanda zan yi wa faɗa ba. Kalmar ta yi arha a bakin mutanen yanzu, ana jefa ta a kan ƙwallo da fim da wutar lantarki. Ni kuwa akwai shekarar da kalmar nan ta kusa sa ni takaba da goyo a bayana, shi ya sa har yau in na ji ta sai gabana ya faɗi.

Mu da muka tashi a ƙauyen gindin dutse, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, jere aiki ne kafin ya zama magana. Ranar shuka maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. In ka tsallake rami ɗaya, dawa za ta fito ta tona maka asiri, giɓin yana nan har kaka kowa yana gani. In za mu rafi da sassafe a jere muke tafiya, don hanyar ta ƙafa ɗaya ce cikin ciyawa mai raɓa, ba ka jin komai sai ƙarar warwaro da kukan kurciya da tarin wata tsohuwa can baya. Ranar da aka kai ni ɗaki kuwa gwaggonnina yini suka yi suna jere, tasa kan tasa, kwano kan kwano, suna faɗa da juna a kan wanda ya karkace. Kakata, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ita ta fara rarrabe mini. Ta ce tari daban, jere daban. Tari ko yaushe ka samu sai ka ƙara, yau ɗaya, jibi biyu, babu ruwansa. Jere kuwa sai kowane ya taɓa ɗan'uwansa, in ka zare na tsakiya na sama ya rushe. Na ce mata to, don a lokacin hankalina yana kan lallen ƙafata.

Mijina ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu da yake ƙasa ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatun nasa bai wuce na sallah ba. Mutum ne mai shiru, mai taurin kai irin na masu shiru, in ya ƙulla abu a ransa ko da igiya ba ka janye shi. Yana da aboki tun na wasan ƙasa, danga ɗaya ce ta raba gidansu da namu. Uwar Malam ta rasu yana ƙarami, don haka a akushin uwar abokin nan ya girma, Inna yake ce mata, ni ma da na zo na bi bakinsa. Ita kuma mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun tafi tun suna ƙanana, wannan ɗan shi kaɗai ya tsaya mata. In ta yi dambu kashi biyu take yi, ta miƙo ɗaya ta saman danga.

A shekarar da na haifi ɗana na fari, mugun dawa ya addabi gonakin bakin daji. Yanzu in an ce ana tsoron dajin nan ba dabba ake nufi ba, kowa ya san abin da ake nufi. A lokacin birai ne da mugun dawa, su shigo su kwantar da amfanin mutum ya wayi gari ya tarar da kara a ƙasa. Malam yana da bindigar toka da ya gada, da ita yake gadi. Wata ranar bayan la'asar ina surfe na ji ƙararta daga wajen gona, har na ce a raina yau ɓarawon dawa ya gamu da gamonsa, na ci gaba da dakana. Ban kai ga tankaɗe ba na ji salati yana tahowa, irin salatin da maza ke yi in sun ɗauko mutum. Abokin nan ne. Ya shiga cikin dawar ya sunkuya yana yankar wa ragon Inna ciyawa, Malam ya ga kara yana motsi ta ƙasa daidai inda dabbar ta saba ɓarna, ya ɗana ya saki. Ya yi rai har ya faɗa wa mutane da bakinsa cewa kuskure ne, shi ne bai yi gyaran murya ba. Kafin magariba ya cika.

Aka kai magana gaban dagaci, aka kai ta gaba, aka dawo da ita. Inna ta ce ta yafe, ba za ta karɓi diyyar ɗanta daga hannun wanda ta yi wa wanka da hannunta ba. Ta yafe da baki a gaban manya, amma daga ranar ba ta sake ɗaga ido ta dubi Malam ba, ba ta sake tako ƙafa gidanmu ba. In ya gaishe ta ta bayan danga, sai dai ka ji sautin mazarinta ya tsaya, can kuma ya ci gaba. Ni ban ga laifinta ba, amma ina jin tsoron shirun nan fiye da zagi.

Liman ne ya kira Malam bayan sadakar bakwai. Ya ce haƙƙin Inna ta yafe, saura na Allah. Wanda ya kashe rai bisa kuskure akwai kaffara a wuyansa, bawa kuwa babu shi yanzu balle a 'yanta, don haka azumi ne, wata biyu a jere. Malam ya ɗauka da tsayuwar sabon wata. Lokacin sanyi ne, an gama girbi, yini gajere, abin ya zo masa da sauƙi, har na ga fuskarsa ta fara sakewa. Ni ce mai tashi in ɗumama tuwo kafin asuba, ni ce mai dama kunun tsamiya in rana ta yi ja. Duk garin mu kaɗai ne hayaƙinmu ke tashi a wannan lokacin, kowa ya gani ya san dalili.

Ya ci wata guda da kusan rabi sai tafiyar Kwanar Dangora ta taso. Duk shekara bayan kaka mazan garinmu kan kora jakai da hatsi zuwa can, su dawo da gishiri da kanwa da abin sawa. Tafiya ce ta ƙafa, ana kwana a hanya. A rana ta biyu abokan tafiya suka ga ya galabaita, suka ce masa haba, matafiyi ai an yi masa rangwame, ko a watan azumi sha ake a rama, balle wannan. Ba mugunta suka yi ba, abin da suka sani suka faɗa. Ya sha fura a gindin tsamiya, washegari ya ci gaba da azuminsa. Da ya dawo, a bakin masallaci yake ba Liman labari cikin hira, yana cewa akwai ramuwar yini ɗaya a kansa. Liman ya ce babu ramuwa a nan, jere ya yanke, sai ya koma farko. Baffan Malam, ƙanen mahaifinsa, yana wurin, da kunnensa ya ji. Malam ya shigo gida ya zauna a kan turmi da rigar tafiyarsa, na yi masa sannu da zuwa. Da ya buɗe baki cewa ya yi, “Duk ya zube.”

Ya ɗan daɗe kafin ya sake ɗauka, zuciyarsa ta karye. Da ya tashi ɗauka na lissafa na ga ƙarshen zai faɗa tsakiyar bazara, na roƙe shi ya bari ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. Ya ce in ya mutu kafin damina da wannan kaya a wuyansa, ni zan ɗaukar masa? Na tashi na jiƙa tsamiya.

Masu azumin yanzu ba su san bazara ba, ko sun ce sun sani. Akwai ƙanƙara a leda, akwai fanka, in mutum ya faɗi a ɗora shi a babur a kai shi a yi masa ƙarin ruwa. In tambaya ta taso kuma a latsa waya, malamai goma su ba da amsa kafin shayi ya huce, mutum ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi. Mu randa ce da mahuci da sassaƙe, malaminmu kuma ɗaya ne, in ba ya nan babu shi. Rafi ya ƙafe, sai mun tona yashi har gwiwar hannu mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo mu kwasa da ƙoƙo. Duwatsun bayan gari su ɗauki zafi tun hantsi, su riƙe shi har bayan isha suna huro mana. Kaji su buɗe baki a gindin rumbu. Gyare ya kama kuka tun safe ba ya tsagaitawa, har ka rasa ko a waje yake ko a cikin kanka. A cikin wannan Malam yake fita sharar gona da azumi a bakinsa, ya share tamu, ya share ta Inna ba tare da ta sa shi ba, ita ma ba ta ce ya bari ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma yana tsaye. Wata na farko ya wuce, na biyu ya raba tsakiya ya gangara. Na fara sakin numfashi.

Saura 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi, mai haɗe da amai. Abin da ya sha da magariba kafin isha ya dawo, abin da ya kurɓa da asuba kafin rana ta fito ya dawo. Haka zai shiga yini da cikin da babu komai, jiki kamar garwashi. Rana ta farko na ce gajiya ce. Ta biyu na ga idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage. Ta uku na lura tun jiya bai nemi buta ba, ya kuma fara kiran sunan abokinsa yana ce masa ya yi gyaran murya. Na ɗebo ruwa a ƙoƙo na durƙusa a gabansa da hantsi.

“Malam, don Allah don Annabi ka kurɓa ko kaɗan ne.”

“Ɗauke shi daga gabana.”

“Mara lafiya fa an yi masa rangwame.”

Ya buɗe ido ya dube ni. “Haka suka ce mini a hanyar Kwanar Dangora. Matafiyi fa an yi masa rangwame. Kin ga inda rangwamen ya kai ni.” Ya haɗiye yawun da babu shi. “Ba zan iya na uku ba. In na koma farko ba zan kai ba, na sani. Gara ajali ya same ni a cikinsa.”

Baffa yana zaune a gefe yana yi masa fifita. Ba mugu ba ne, hawaye ne a gemunsa, shi ya riƙe Malam tun yana maraya. Amma ya ce mini, “Ke yarinya, kada ki jefa shi a wani aikin. Da kunnen nan nawa na ji, Liman ya ce jere in ya yanke ya yanke. Ko ɗigo ɗaya ya wuce maƙogwaronsa da rana, wahalar nan duk ta tashi a banza. A yi ta addu'a, magariba tana zuwa.”

Liman kuwa ba ya gari. Jakinsa ya kayar da shi ya karye a cinya, an kai shi wurin mai ɗori a wani ƙauye hayin rafi, yana can kwance. Na kwana ina juya maganar. Ni ba karatu gare ni ba, amma na san mata suna yin hutunsu na wata, na kuma san ba a ce mace ba ta kaffara. To in nata jeren bai yanke ba, ashe akwai abin da ke ratsa jere bai yanka shi ba. Wannan tunanin ne kaɗai makamina, ban kuma isa in faɗe shi a gaban Baffa ba, kunya ma ba za ta bar ni ba. Washegari da rana ta fito na ga Malam ya sake ɗaukar niyya, harshensa ya yi fari fat. Na goya ɗana, na ja mayafi, na fita ta bayan gida ban tambayi kowa ba. Ban taɓa fita ba da izini ba sai ranar, ban kuma yi nadama ba.

Yashin rafin nan ya gasa mini tafin ƙafa, yaron yana kuka yana neman nono ina tafe ina jijjiga shi. Duk inuwar da na wuce sai ta kira ni, in tuna bakin Malam in ƙara sauri. Na isa rana ta kusa tsaka. Na tarar da Liman a zaure an ɗaure masa ƙafa da kara, na zube a bakin ƙofa ko gaisuwar kirki ban yi ba.

“Allah gafarta Malam, ɗanku ne zai mutu da ƙishi. Kwana uku ba abin da ke zama a cikinsa, ya ce ba zai sha ba, kada jere ya yanke.”

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta mayar da shi. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya ce masa haka?”

“Ku kuka ce in ya yanke sai a koma farko.”

Ya dafe kai. “Na faɗi rabi na bar rabi. Saurara, 'yata, ki riƙe da kyau. Tafiya shi ya ɗauki ƙafarsa ya je mata, shi ya sa ta yanke. Ciwo kuwa shi ya zo ya same shi har ɗaki, ba da shawararsa ba. Ciwo ba ya yanke jere. Kin taɓa shuka ki tarar da dutse a kan layi? Tsallakewa kike ki jefa iri a gabansa, layin yana nan layi. Ya sha ruwa yanzu, wajibi ne ma ya sha. Abu ɗaya, ranar da ya ji ƙarfi kada ya ƙara ko yini guda, ya ɗora daga inda ya tsaya, in ya yi jinkiri da gangan to nan ne zai yanke. Tashi. Kada ki tsaya yi mini sannu, tashi ki tafi.”

Na sha ruwa a gidan na ba yaron nono a tsaye, na juyo. Da gudu-gudu na dawo, ina maimaita maganar a baki don kada in zubar da ko kalma ɗaya a hanya. Ko kaɗan bai zo mini ba in ce a haɗa ni da wani namiji ya zama shaida, a ganina gaskiya ce na ɗauko, me za ta yi da ɗan rakiya. Na shigo gida bayan azahar na tarar da maza cike da tsakar gida, an fito da Malam inuwar rumbu ana yayyafa masa ruwa a ƙirji. Ban damu da kowa ba na durƙusa na zazzage masa duk abin da Liman ya ce, har dutsen da layin.

Ya saurara idonsa a rufe. Sannan ya ce, da muryar da sai ka kai kunne, “Na san kina so na da rai. Ko ni ne haka zan ce.”

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na rantse, na sake rantsewa. Baffa ya ce, “Wa ya ji ban da ke?” Na ce babu. Ya girgiza kai, ya ce ba ya ce na yi ƙarya ba ne, amma mai neman abu yakan ji abin da yake so ya ji. Ya tashi wani saurayi ya ce ya ruga ya jiyo daga bakin Liman. Na dubi inuwar rumbu, na san kafin ya je ya dawo duhu ya yi. Na dubi Malam, numfashinsa ya koma sama-sama, yatsunsa suna ƙandarewa su kaɗai. Na kai ludayi bakinsa, ko a wannan hali ya datse haƙora ya kau da kai. Na san ba zai kai magariba ba. Na san shi kamar yadda na san sunana.

Ban san lokacin da na zagaya danga ba. Tun kaka ban shiga gidan Inna ba, kunya da tsoro sun hana ni. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, gidan shiru, ragon nan yana ɗaure yana tuƙa. Na durƙusa har goshina ya kusa ƙasa.

“Inna, ɗanki zai mutu.”

Ba ta ɗago ba. “Ɗana ya mutu tun kaka.”

Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban tashi ba. Na faɗa mata komai, tafiyar Kwanar Dangora, zazzaɓin, abin da Liman ya ce, da yadda aka ƙi yarda da ni. Na ce mata ni ba ya jin tawa, ba ya jin ta kowa, amma bai taɓa tsallake maganarta ba tun yana yaro. Ina magana mazari yana juyawa. Na gama, yana juyawa. Na jira har na ji kunyar jiran, na tashi na fito ina ganin hanya biyu-biyu saboda hawaye. A raina na ce shi ke nan, ta yafe a gaban dagaci amma yau ta karɓi abinta.

Na koma na ɗora kan Malam a cinyata ina shafa masa ruwa a goshi, Baffa ya fara karanta masa abin da ake karanta wa mai tafiya. Sai na ji tsakar gidan ta yi tsit. Maza suna matsawa gefe. Inna ce, da ƙwarya a hannu da ludayi, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta dube ni ta ce, “Matsa.” Na matsa. Ta zauna a ƙasa ta karɓi kansa, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, wanda ban taɓa ji ba sai ranar. Ya buɗe ido. Ya gane ta.

“Buɗe bakinka,” in ji ta.

“Inna, jeren…”

“Na ji. Tun ɗazu nake ji ta bayan danga, jere, jere. To ni ma ina da nawa. Na binne uban abokinka, na binne ƙannensa, na binne shi. Yanzu kai ne za ka bi layi? Ba za a fitar mini da gawa biyu a jere a kan harbi ɗaya ba.” Ta ɗago ta dubi Baffa, ta dubi sauran. “Yarinyar nan ta taka rana ta je ta jiyo, ku kuna zaune. In ƙarya ta yi, gobe ƙiyama a tambaye ni, na ɗauka.” Ta mayar da ido kansa. “Ni ka kashe wa ɗa, ni ce kuma nake ce maka ka sha. Buɗe.”

Ina kallon haƙoransa, ina kallon ludayin. Ya daɗe, ko kuma ni ce na ga ya daɗe. Sannan bakin ya saki. Ta ɗiga masa kaɗan ta jira, ta sake ɗigawa ta jira, kamar yadda ake yi wa jariri. Da ya nemi ya kama ƙwaryar ya kwankwaɗa ta buge hannunsa. Haka ta zauna da shi har rana ta faɗi, ruwan kuma ya zauna a cikinsa. Ɗan aiken ya dawo bayan isha da maganar Liman, daidai da tawa, har dutsen. Washegari na ga zabuwar Baffa a ɗaure a gindin murhuna.

Tsoron bai ƙare nan ba, ya sake kama ne kawai. Liman ya ce ranar da ya ji ƙarfi kada ya ƙara yini, to wace rana ce ranar? Malam da ya iya zama ya ce gobe zai ɗauka, ni na ce ko tsayuwa ba ya iyawa. In ya yi gaggawa ciwon ya dawo, in ya yi jinkiri jeren ya yanke da gaske, wannan karon kuma babu wanda zai ce ba shi ya yanke ba. Kullum da safe ina duban tafiyarsa daga ɗaki zuwa bakin randa. Inna ce ta raba gardamar. Takan shigo da hantsi ta tsaya a kansa, ta ja fatar idonsa ta duba, ta fita. Ranar da ya je masallaci da ƙafarsa ya dawo bai dafa danga ba, ya kuma cinye tuwonsa bai dawo ba, ta dube shi ta ce, “Gobe ka ɗauka.” Ya ɗauka. Sauran kwanakin ban yi barcin kirki ba, ko atishawa ya yi sai na taɓa goshinsa.

Ranar da ya cika, hadarin farko ya haɗu a kan duwatsu, iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗawa. Na dama kunu, na yanka zabuwar Baffa, na shimfiɗa masa tabarma. Da rana ta kusa faɗuwa sai ya tashi ya wuce kunun nawa, ya fita ya zagaya. Na bi shi da ido ta ramin danga. Ya je ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa a ƙasa, yana nan har aka kira sallah. Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito da ruwa a wata moɗa. Moɗar ɗanta ce, wadda ke rataye a bango ba wanda ya taɓa ta tun ranar da aka fita da shi. Malam ya gane ta. Ya miƙa hannu ya janye, ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Karɓi mana. Ruwa ne.”

Ya karɓa da hannu biyu ya sha.